Ragowar Jinin Malama

Ranar da Malama ta zo asibiti da zazzaɓi, ranar ce aurensu ya mutu, tun ba a ɗaura shi ba. Ba a yi ihu ba, ba a yi zagi ba. Ita kanta sai daga baya ta sani.

Shi ma'aikacin ɗakin gwaji ne. Jini, fitsari, majina, da sauran abubuwan da mutane ke miƙowa suna kallon bango, da su yake neman abinci. A unguwa Likita ake ce masa. Ya yi ta gyarawa har ya gaji ya bari. Malama kaɗai ce ke ƙara wa sunan jela, ta ce Likitan Kwalabe.

Ita lissafi take koyarwa a firamare. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya da tsohuwar uwarsa, wadda har yau take kira Mama, take kuma leƙawa duk ƙarshen mako da cefane da maganin hawan jini.

Ta zauna a kujerar ɗibar jini, ta naɗe hannun riga, ta kawar da kai.

"Saki fuskar mana. Allurar ƙarama ce."

"Haka kake ce wa kowa."

"Kowa kuma yana tashi da ƙafarsa."

"Waɗanda ba su tashi ba ai ba za su dawo su ƙaryata ka ba. Yi ka gama, Likitan Kwalabe, 'yan ajina suna can suna cinye mini alli."

Ya ɗaure mata damtse, ya shafa auduga, ya sami jijiyar ba tare da lalube ba. Hannunta da zafi. Takardar likita abu biyu ta nema, maleriya da taifod. Jinin da ya ɗiba ya ishi biyun har da saura.

A sauran nan komai ya lalace.

*

Tun da ya kai maganar Malama gida, Inna ba ta taɓa cewa a'a ba. Inna ba ta iya a'a ba, ciwon kai ta iya. Da ya ambaci maganar sai ta nemi ɗankwali ta ɗaure goshi, ta kwanta a doguwar kujera tana kallon silin, yayarsa kuma ta zauna a gefe tana yi mata fifita da fassara.

Ko ana gobe Malama za ta zo asibiti sai da aka yi.

"Mijin nan nata," in ji Inna, "me ka ce ya kashe shi?"

"Ƙoda, Inna. Na faɗa miki."

"Wa ya faɗa maka?"

"Ita."

"Ita," Inna ta maimaita wa silin.

Yaya ta ajiye mafici. "Ni fa na gan shi da idona kafin ya rasu. Wallahi kamar an rataye riga a ƙusa. Ƙoda ce ke cinye mutum haka? Kai ne mai ilimin, gaya mana."

"Tana yi."

"To ƙanjamau ba ta yi?"



Sai Inna ta fara kuka, irin kukan nan nata mara sauti wanda ya fi duka ciwo. "Kai kaɗai ne namiji a cikina. Ubanku ya tafi ya bar ni da ku, ban jefa ku a wuta ba. Yanzu da girmanka, da furfura a gemu, za ka ɗauki ƙafa ka shiga inda wani ya shiga bai fito ba? In na binne ka wa zai binne ni? Wannan?" Ta nuna Yaya da haɓa. "Wannan ko jana'izata sai ta makara."

"Kai Inna!"

"Ni ban ƙi yarinyar nan ba. Tana da kunya, tana gaida mutane. A gwada ta kawai. Ka zo ka ce mini, Inna, na gani da idona, lafiya lau. A ranar zan sa albarka."

"Ba a gwada mutum sai da yardarsa."

"To tambaye ta mana," in ji Yaya. "Ko bakinka ke ciwo?"

Bakinsa lafiya lau. Amma ta yaya namiji zai dubi macen da ta yi jinyar miji har ta rufe masa ido, ya ce mata, uwata tana zaton kin kwaso abin da ya kashe shi? Ya gwada kalmomin a wanka, ya gwada su a kan babur. Duk yadda ya juya su, zagi suke fitowa.

Ga kuma Hedimasta.

Hedimastan makarantar su Malama ne, mai wata tsohuwar mota da ba ta tashi sai an tura, mutumin da ko ofishinsa zai shiga sai ya ƙwanƙwasa. Ya nemi Malama ta hannun yayanta, ta ce tana da wani, ya ce ba komai, yana nan. Kuma yana nan ɗin. Irin mutanen nan ne da ba su iya hira ba, ba su iya ado ba, amma sun iya jira. Likita ya raina shi a baki, yana shakkarsa a ciki. Ya san kuskure ɗaya zai yi, Malama ta juya, ta tarar da motar nan a ƙofar gida.

*

Abokiyar aikinsa ta fita cin abinci. Ɗakin ya rage daga shi sai ƙugin firji.

Maleriya ta fito, taifod babu. Ya rubuta. 'Yar kwalbar tana tsaye a jerin 'yan'uwanta, da sunan Malama a jiki da rubutun hannunsa, da ɗan jini kwance a ƙasa. Ƙa'ida ta ce a zubar.

A bangon ɗakin akwai wata takarda da shi da kansa ya manna saboda ɗalibai masu zuwa koyon aiki. Kafin gwajin HIV a zaunar da mutum, a yi masa bayani, a tambaye shi. In ya ce a'a, a'a ce. Abin da ya fito kuma nasa ne, ba na uwa ba, ba na miji ba. Ya taɓa korar wani ɗalibi a kan wannan. Ranar nan bai ɗaga kai ya kalli bangon ba. Ya san abin da ke jiki.

Don Inna ne, ya gaya wa kansa. Ita ba za ta taɓa sani ba. Ba allura ta biyu, ba ciwo, ba asara. Jini ne da dama zubarwa za a yi.

Karatu ba ya hana mutum yin abin kunya. Dalilai masu kyau kawai yake ƙara masa.

Ya yage ledar tsinken gwaji, ya ɗiga jinin, ya ɗiga ruwan maganin. Sai jira. Ya wanke hannun da ba datti. Ya goge teburin da ya riga ya goge. Gumi ya jiƙa masa baya, ga fanka tana juyawa.

Layi ɗaya.

Ya ƙara jira, ko na biyun zai biyo baya a makare. Bai biyo ba. Ba ta da shi.

Ya naɗe tsinken a cikin safar hannu ya jefa kwandon abin ƙonawa. Da a nan ya tsaya, da wataƙila wani labarin ake bayarwa yau. Amma kwamfuta tana gabansa, lambar shiga tana kansa, sunan marigayin kuma ya san shi daga katin 'yar Malama. Kuma abin da ya riga ya yi ya sa na biyun bai yi masa nauyi ba.

Ya rubuta sunan.

Fayil ɗin ya buɗe. Ƙoda gaskiya ce, ita ce ta ƙarasa shi. Amma akwai wani shafin, daga ɗakin nan na masu ƙanjamau a ƙarshen baranda, wanda ba a rubuta komai a ƙofarsa ba. Shekaru marigayin yana karɓar magani a can. A gurbin mai karɓar masa in bai samu zuwa ba, an rubuta: matarsa.

Ashe ta sani. Tun tuni ta sani.

Aka ƙwanƙwasa gilashin tagar miƙa sakamako. Ya kashe allon da sauri har gwiwarsa ta bugi tebur.

"Likitan Kwalabe, mutuwa zan yi ko makaranta zan koma?"

"Maleriya ce. Ki sha magani ki kwanta."

Ta karɓi takardar, ta tsaya tana leƙensa ta tagar. "Kai fa? Kamar kai ne mai zazzaɓin."

"Aiki ne."

"To ka sha ruwa." Ta yi masa murmushi ta tafi.

*

Ya yi niyyar ya ja bakinsa na ɗan lokaci. Niyyar ba ta kai ko'ina ba. Da yamma ya tarar Inna ta riga ta ɗaure goshi.

"Kwance ɗankwalin nan, Inna. Na gani da idona. Lafiya lau."

Ta miƙe zaune kamar ba ita ba. "Ka gwada?"

"Na gwada."

"Ta yarda ke nan?"

"Na dai gwada."

Inna ba ta bi wannan ba, ba shi ya dame ta ba. Ta ɗaga hannu ta gode wa Allah, ta yi hawaye, ta ce a gaya wa yarinyar nan ta zo su gaisa, ta ce ita dama tun farko jininsu ya haɗu. Yaya ce ta karkata kai.

"To shi mijin fa? Ai a asibitinku ya kwanta."

Amsoshi suna nan birjik. Ban sani ba. Ba sashena ba ne. Ƙoda, na faɗa muku. Kowace ya ɗauka da ta rufe maganar. Amma Likita mutum ne mai ƙa'ida, ƙa'idar kuwa da ta wuni tana barci sai a lokacin ta ga damar farkawa.

Ya gyara zama, ya ce da muryar aiki, "Abin da na gani a fayil ɗin mara lafiya ba na faɗa ba ne."

Yaya ta dubi Inna. Inna ta dubi Yaya.

"Allah sarki," in ji Inna a hankali. "Allah Ya jiƙansa."

"Ni ban ce komai ba!"

"Ai ba ka ce ba, ɗan nan. Mu ma ba mu ji ba."

Yaya ba ta yaɗa magana. Amana take ba mutane, ɗaya bayan ɗaya, kowa da rantsuwarsa. Kuma da zuciya ɗaya ta yi, wanke amaryar ƙanenta take. Ta gaya wa mai yi mata kitso cewa masu raɗa su ji kunya, an gwada, yarinya ba ta ɗauka ba. Mai kitso ta tambayi abin da kowa zai tambaya. Ba ta ɗauki me ba? A wurin wa?

Kafin Malama ta gama shan maganin maleriya, maganar ta gama zaga unguwa, ta shiga gidan Mama.

*

Saƙon Malama gajere ne: ka zo makaranta in an tashi.

Ya same ta a ajinta ita kaɗai, tana goge allo. Kujerun yara ne kawai a ɗakin. Ta nuna masa ɗaya, ya zauna, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa. Ita ba ta zauna ba. Idanunta a kumbure.

"Jiya na je wurin Mama," ta ce. "Na tarar ta sauke hotonsa daga bango ta kife a kan gado. Ta ce mini, 'yar nan, ashe abin da ɗana ya mutu da shi ke nan, kowa ya sani sai ni? Maƙwabciyarta ce ta shigo yi mata jaje. Jaje, bayan shekara da shekaru. Ta ce likitan da zai aure ni ne ya gani a kwamfuta."

"Malama, wallahi ban faɗa wa kowa..."

"Ban tambaye ka ba tukuna. In na tambaya ka amsa." Ta ajiye tsumman goge allon. "Ka buɗe fayil ɗinsa?"

"Na buɗe."

"Jinina fa? An ce an gwada ni. Na yi ta tunani, yaushe? Ni dai ban tuna an zaunar da ni ba. Can sai na tuna zazzaɓi." Ta shafa damtsenta. "Ina zaune ina yi maka wasa, hannuna a cikin hannunka."

"Ragowa ce. Da zubarwa za a yi."

"To ka zubar mana! Nawa ne. A jikina ka ɗiba. Don sauro na ba ka, ban ba ka don uwarka ba."

"Amma lafiya lau ya fito. Ba ki da komai, Malama, ba ki..."

Ta yi wata dariya da ta fi kuka muni. "Albishir kake yi mini? Na sani! Na riga ka sani da shekaru. Na yi gwajin nan har ma'aikatan can sun gane takuna. Kowane zuwa sai an zaunar da ni an ce, kin yarda? In ce na yarda. Baƙi ke nan fa, waɗanda ba su taɓa cewa suna sona ba."

Ya sunkuyar da kai. A kan teburin da ke gabansa wani yaro ya sassaƙa jirgin sama da reza. Ya kafa masa ido.

"Bari in ba ka labarin da ka je sata, tunda ba ka iya jira a ba ka ba." Hawaye suna zuba, ba ta share ba. "'Yarmu tana goye aka gaya masa. Daga asibiti bai tsaya ko'ina ba. Ya same ni ina wanki, ya durƙusa a cikin ruwan kumfa da wandon aikinsa. Da bakinsa ya faɗa mini. Ya ce in na ga dama in tafi, ba zai riƙe ni ba. Ya ce, za ki yarda mu je a duba ki, ke da yarinya? Shi mai ciwon, ya tambaye ni. Kai kuwa mai lafiya, mai takardar ƙa'ida a bango, wadda na zauna ina karantawa kana ɗibar jinina..."

 Ta dafa allo, alli ya ɓata mata hannun riga.

"Abu ɗaya ya roƙe ni. Kada Mama ta ji. Ya ce ita a wurinta wannan ciwon na 'yan iska ne, ba za ta taɓa ganewa ba. Na yi masa alkawari yana kan ƙafarsa, na sake yi masa yana kan gado. Na sha raɗa, na sha kallo, a gidan biki a ware mini kofina daban. Takardata tana cikin jakar nan. Da na fito da ita da bakin kowa ya mutu. Ban fito da ita ba, don duk wanda ya ga takarda zai tambayi dalilin gwaji. Na zaɓi a zarge ni da a tona shi. Sai ga ka da rana tsaka, ka wanke ni da mutuncin mamaci."

"Da kin gaya mini..."

"Da zan gaya maka!" Ta bugi allon da tafin hannu. "Ka ɗauka zan shiga gidanka da wannan a cikina? Rana nake zaɓa. Na ce in zazzaɓin nan ya sake ni zan zaunar da kai, in ce ga abin da ya faru, ga takardata, in kana so mu je tare a gwada mu, ni da kai. Har kalmomin na shirya. Kai kaɗai ne a duniya na yi niyyar ba wa, don na ga aikinka ke nan, riƙe sirrin mutane."

Kuka ya ci ƙarfinta. Ya yunƙura zai tashi, ta ɗaga masa hannu, ya koma.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar da take a buɗe. Hedimasta ne, da makullai a hannu.

"Afuwan, Malama. Get za a rufe. Amma ba gaggawa, in kuna buƙatar lokaci ina nan."

Bai dubi fuskarta ba, bai tambayi komai ba. Ya ja da baya, takunsa ya yi nisa.

Ta share ido da gefen mayafi, ta ja numfashi. "Tambaya ɗaya ta rage. Ka faɗa mini gaskiya, ko ita kaɗai ce a yau. Don wa ka yi?"

"Don Inna. Kin san halinta, ba za ta taɓa sa albarka ba sai..."

"Don Inna."

"Don mu. Don a bar mu mu yi aure."

Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da take yi wa yaron da ya kwafi amsa ya kasa nuna yadda aka yi.

"Shi mijina ya zo mini jikinsa na rawa," ta ce a hankali. "Ya ce, tsoro nake ji. Na san abin da ake yi wa mai tsoro, na iya. Wanda ban iya ba shi ne gardin da zai ɓuya a bayan zanen uwarsa." Ta ɗauki jakarta. "Ba zan kai ƙararka ba, kada ka ji tsoron aikinka. In na kai, sai an sake kiran sunansa a gaban mutane. Wannan ma albarkacinsa ka ci."

"Malama, don Allah ki tsaya."

"Tashi. Kujerar yara ce, kada ka karya."

*

Ya kira, ba a ɗauka ba. Ya aika saƙo, ya ga an buɗe, ba amsa. Ya je gidansu, yayanta ya tare shi a bakin get, ya ba shi hannu cikin mutunci, bai matsa daga ƙofar ba.

"Ta ce in gaishe ka."

"Yaya, minti kaɗan nake roƙo."

"Ta ce kuma gaisuwar ta ishe ka." Ya dube shi sama da ƙasa. "Ni ma a asibitinku nake ganin likita. Ka leƙa nawa fayil ɗin? In ka leƙa ka gaya mini, don ni har yau ba su yi mini bayani ba."

A gida Inna ta kasa gane kan abin. Ta daina ciwon kai, ta koma mamaki.

"Ni na rasa irin yarinyar nan. An ce lafiyarta ƙalau, an wanke ta a gari, na sa albarka. Me kuma take so?"

"A tambaye ta take so, Inna."

"A tambaye ta me? Ai an riga an sani."

"Girman kai ne kawai," in ji Yaya. "Bazawara da 'ya, ta samu likita tana yanga."

Ya dubi yayarsa. Ita ta kai maganar kasuwa, amma shi ya ɗauko ta daga ma'ajiya.

Mama ta daina fita ko ƙofar gida. Jininta ya hau ya ƙi sauka. Da farko ta ƙi yi wa Malama magana, ta ce ta ci amanarta da shiru. Daga baya, da ta ga ba ta da kowa sai ita, ta yarda ta koma wurinta da zama. Motar Hedimasta ce ta kwashe kayan tsohuwar, maƙwabta na turawa. Shi ya ɗauko gadon, shi ya ɗauko hoton a kife yadda ya same shi, bai juya ya gani ba.

Ba a daɗe ba aka ɗaura auren Malama da Hedimasta. Likita a bakin Yaya ya ji, ita kuma amana aka ba ta.

Amsar tambayar Malama kuwa sai bayan nan ta zo masa, wata rana yana tsaye yana wanke kwalabe. Ba wani abu ne ya faru ba. Ya tuna gumin nan ne kawai da ya jiƙa masa riga yana jiran tsinken. Inna ba ta cikin ɗakin ranar. Ba bayan Inna ne ya jiƙe ba. Shi da ya wuni yana gaya wa mutane ciwon nan ba hukuncin kisa ba ne, akwai magani, ana aure, ana haihuwa, shi ne ya tsaya a gaban ɗigon jinin macen da yake so yana gumi. Inna ta ba shi dalili ne kawai, ya karɓa da hannu biyu.

Ya shirya maganar. Gajeriya ce. Ya yi ta yawo da ita a baki, ba inda zai sauke. Ba a zuwa ƙofar matar wani da irin wannan.

*

Ranar awon masu ciki ce, benci ya cika har baranda. Yana karɓar takardu ta taga ba ya ɗaga kai, sai ya ga sunan Malama.

Ta yi ƙiba kaɗan, cikin ya fito. Hedimasta yana zaune a ƙarshen benci a tsakiyar mata, ya ɗora jakarta a kan gwiwa ya riƙe da hannu biyu.

Ta shigo ta zauna. Ba ta gaishe shi ba, ba ta kuma ɗaure fuska ba. Ya sa safar hannu. 

"A cikin gwaje-gwajen da aka rubuta akwai na HIV," ya ce, da muryar da yake yi wa kowa. "Ba dole ba ne. Zan yi miki bayani, in kin yarda..."

"Na yarda da gwajin," ta ce, idonta a bango. "A kira mini wani ya ɗiba."

Ba fushi a muryar. Da akwai fushi da ya samu abin kamawa. Abokiyar aikinsa ta ɗago kai daga na'urar da take dubawa, ta dube shi, ta dube ta.

"Haƙƙinki ne," ya ce.

Ya cire safar ya jefa a kwando. Abokiyar aikin ta taso tana wanke hannu, tana cewa sannu maman biyu, wane hannun kika fi so? Na ɗan lokaci, kafin ta iso, daga shi sai Malama a gefen ɗakin. Tsakaninsu bai fi tsawon hannu ba. Ya buɗe baki.

"Likita, afuwan," in ji Hedimasta daga ƙofa. "Ko zan iya tsayawa kusa da ita? Ba ta son allura."

Ya matsa ya ba shi hanya.

A baranda ya tsaya, a tsakiyar mata masu ciki da ke jiran layi, wata na tambayarsa ko an kusa zuwa kanta. Ta gilashin yana hangen bayan Malama, ta kawar da kai, ana ɗaure mata damtse. Maganar tana nan a bakinsa yadda ya shirya ta, ba ta kai numfashi ɗaya ba, kuma ya san daga yau ba ta da sauran wurin zuwa.

Ba don Inna ba ne, Malama. Ni ne na ji tsoro, na kuma ji kunyar in gaya miki.